Mataccen Kwalin da Na Kai Gana

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a teburin mai shayi na bakin kasuwar Samaru, kafin a zuba mini madara wani ya jefo tambaya, wai ya Gana. In an sallame salla, na kusa da ni ya juyo da ita. Wasu sun ce neman aiki na je aka koro ni, wasu sun ce maganin basir na je nema. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Haruna mai kwali. Muna da ɗan shago a Chikaji, ni da yayana Sale. Da ina aiki a wani kamfani a nan Chikajin, aka wayi gari an sa kwaɗo a ƙofa, aka ce mu je gida za a neme mu. Har yau ana nemanmu. Shi kuma Yaya Sale baduku ne, gadon Baba ya riƙe, har takalman roba suka zo suka kashe masa kasuwa. Sai muka haɗa kai muna yin kwali. Muna sayen falle-falle a wurin Oga Emeka a Sabon Gari. Yaya ya yanka dogon yanki, ni in naɗe shi ya zama bango huɗu, in ɗinke da waya, in huda ramukan shan iska. In ka duba bakin kwali za ka ga takarda uku ce: ta waje, ta ciki, da ta tsakiya mai lanƙwasa kamar kwanon rufi. Ita ta tsakiyar mu a shago haƙarƙari muke ce mata. Ku riƙe wannan, za ku ji amfaninsa a gaba.

Masu sayen kwalinmu kuwa, in za a faɗi gaskiya, mutum ɗaya ce, Mama Saratu ta Palladan. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya ta buɗe gidan ƙyanƙyasa. A kwalayenmu take zuba 'yan tsaki, a jera su bisa juna a mota a kai Funtuwa da Gusau. Sauran, mai sabulu da mai ƙuli-ƙuli, ba su isa su riƙe shago ba. In Mama Saratu ta tafi, mu ma kwaɗo za mu sa, kuma a shekarunmu ba wanda zai neme mu.

A tsakiyar damina ta zo da kanta a keke, ta ajiye kwali ɗaya a gabanmu. Ya zauna kamar gwangwanin da tirela ta taka. Ta buɗe, 'yan tsaki a mace, na sama sun danne su. Ba karo na farko ba ke nan. Da ma faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi, sai ta yi mana magana a hankali irin ta malaman makaranta.

"Malam Haruna, ƙyanƙyasar da za a yi kiwon Kirsimeti da ita tana tafe. In kwali ɗaya ya sake zama a kan 'ya'yana, zan nemi wani, kuma ba zan dawo ba."

Yaya Sale ya ce, "Mama, ikon Allah ne."

Ta ce, "Ikon Allah ne, Malam Sale, amma kwalin naku ne."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, falle ɗaya, rana ɗaya, hannu ɗaya, amma wani kwalin ya tsaya ƙyam, wani ya durƙusa. Na tafi Sabon Gari na ce wa Oga Emeka yana haɗa mana mai kyau da na jabu. Muka yi ta yi har 'yan kallo suka taru. Ya rantse da 'ya'yansa cewa abin da kamfani ya ba shi shi yake ba mu, in ina da ja in je in tambayi kamfani. Na je wani kamfanin kwali a Kano, mai gadi ya bar ni a rana har la'asar, sannan ya ce ba a shiga sai da takarda. Da na dawo ina ta surfa bala'i, matata Hajara ta tuna mini cewa ƙanenta Nuhu yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani kamfanin kwali a Tema, can ƙasar Gana. Ta kira shi. Ya ce in taho da kwalin, akwai wata mata a wurinsu da ba ta da aiki sai gano abin da ke kashe kwali.

Yaya Sale ya ce bai taɓa jin mutum da hankalinsa ya ɗauki fanko ya tsallake ƙasa uku ba. Amma shi ya ɗaure mini shi da igiya, ɗaurin dukawa, har da maratayi.

A Kwangila na hau babbar motar Legas. Rigimar farko da kwandasta ce, wai sai an sa kwalin a but ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce mara lafiya ne, in aka ƙara danne shi wa zai gane ciwonsa na asali. Ya dube ni, ya dubi fankon, ya ce in hau Allah Ya sawwaƙe. A cinya na riƙe shi har Legas. Na kusa da ni wani mai kilishi ne, ya tambaye ni abin da ke ciki, na ce ba komai. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, kowa da sirrinsa. Kwalin kuma yana ɗan warin 'yan tsaki, in zafi ya taso warin ya taso. Kafin mu kai Lakwaja motar nan kaf ta gama yanke hukunci cewa kayan tsibbu nake ɗauke da su. Wata mata ta janye ɗanta daga kusa da ni. Wani mai tallar magani da ya tashi yana wa'azi, maganinsa na warkar da komai daga hawan jini har rashin miji, da ya zo kaina sai ya tsallake. Shi ke nan ribar da na samu a tafiyar. A Lakwaja na ci soyayyen kifi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana rungume da fanko.

Legas ba zan ce komai a kanta ba. Wanda ya je ya sani, wanda bai je ba ya gode wa Allah. Na dai samu motar iyaka na shiga. Hanyar Badagiri kuwa shingaye ne a jere, kusa da juna har mai kakin wannan shinge yana iya aron ashana a wurin na gaba ba tare da ya tashi ba. Mutanen motarmu suna ɗauke da jakunkuna manya, ba wanda ya taɓa su. Ni mai fanko ni ake saukewa. Na farko ya ɗaga shi, ya girgiza, ya sansana, ya ce Bahaushe mai gemu ba ya kai iska Gana. Ya zaro wuƙa ya tsaga gefe, ya leƙa cikin haƙarƙari da ido ɗaya, ya busa, wai ko hoda za ta fito. Na yi masa bayanin Mama Saratu da 'yan tsaki. Ya ce a duk ƙaryar da aka yi masa a ranar, tawa ta fi daɗi, in wuce. Na gaba da shi ya ga an tsaga, ya ce lallai abokin aikinsa ya ga wani abu, shi ma ya tsaga nasa gefen.

A Seme, bakin iyaka, kare ne ya gama da ni. Ya ji warin kaji ya liƙe wa kwalin yana kaɗa wutsiya yana haushi. Aka shiga da ni wani ɗaki, aka ɓare bango guda sukutum, aka raba takarda uku ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kamar ana ɓare albasa. Ba su sami komai ba, kuma suka ji haushina saboda ba su samu ba. Na roƙa a ba ni ɓawon, suka ce ya zama shaida.

Da na tsallaka ɓangaren Binin sai Turancin ma ya canza, ɗan wanda na iya ya tashi a banza. Wani jandarma ya yi mini magana ta hanci, na tsaya kamar gunki. Allah Ya kawo wani mai shayi mutumin Maraɗi ya fassara. Da jandarman ya ji cewa kwali nake kaiwa a duba lafiyarsa, ya kira abokinsa, abokin ya kira wani, suka yi dariya har da riƙe ciki. Su ba su tsaga ba, sun dai ce in na dawo in gaya musu ko ya warke. Kwatano gari ne na 'yan acaɓa masu riga ruwan ɗorawa, ga mata a kan babur da takalmi mai tsini suna wuce maza, ga fetur a kwalabe a bakin titi kamar manja. Na sayi burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya yanke mini dasashi. Togo kuwa kafin in gama fama da burodin nan mun shiga mun fita. A can na fara ganin teku. Ana ta ce mini in duba, in duba. Na duba. Ruwa ne dai, mai yawa, kuma ba ya zama wuri ɗaya.

A Aflawo, ƙofar Gana, ruwan sama ya same mu a layi. Na cire rigata ta sama na rufe kwali, ni na jiƙe. Duk da haka wani mai kaki, cikin ladabi, yana ba ni haƙuri, ya soka masa sukudireba a wuri uku. Abin da na shiga Gana da shi bango ɗaya ne da kusurwa, sai igiyar Yaya Sale, wadda ko gezau ba ta yi ba.

Nuhu ya tare ni a tashar Ashaiman, garin da ma'aikatan Tema ke kwana. Kun san ƙanen mata ba ya ganin girman kowa. Ya ɗaga tsumman nan da yatsa biyu ya ce, "Mijin Yaya, wannan ne mara lafiyar? Ai sai dai jana'iza."

Na ce ya yi mini shiru, in ba don auren yayarsa ba da ina zan san hanyar Gana.

Masaukina ɗakinsa ne a zango, unguwar baƙi, cikin wani gida mai ɗakuna a jere, kowane ɗaki da ƙabilarsa. Bayi a waje yake, na unguwa, ana bin layi da safe kowa da butarsa, ana gaisawa kamar an zo ɗaurin aure. Mutanen zango suna jin Hausa, amma irin tasu. Kanawa da ke yi mana dariya wai mu Zagezagi muna cewa mota ne, riga ne, su zo nan su ji. Wata tsohuwa ta ce mini "kin zo lafiya", na waiwaya ina neman matar da ake yi wa magana.

Abinci kuwa, namu ne suka ɗauka suka yi masa kwalliya. Wake da shinkafa ne, amma sai an ɗora masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai warin kifi, a naɗe a ganye. Koko da ƙosai suna nan, har kokon ma da sunan Hausawa suke kiransa, sai dai citta a ciki kamar an yi faɗa da mai damawa. Akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara. Na ci loma ɗaya na ce wa Nuhu ya kwana biyu, a mayar. Ya ce haka ake son sa. Na ce a gidanmu in tuwo ya kai haka, kaji ake ba.

Abu biyu suka fi ba ni mamaki. Na ɗaya, mutuwa. Ko'ina hotunan mamata ne manya a bango kamar lokacin zaɓe. Nuhu ya ce ana ajiye gawa a sanyi wata da watanni sai dangi sun hallara, a yi anko, a yi kiɗa. Na ce mu wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar ya san makomarsa. Na biyu, layi. Mutanen nan ko motar haya sai sun bi layi. Ranar da za mu kamfani, mota na tsayawa na yi abin da na saba a Kwangila, na sa kafaɗa na kutsa na kama kujera. Da na waiwaya, layin yana nan yadda yake, kowa yana kallona, ba wanda ya ce uffan. Wata dattijuwa ce kawai ta ce, "Nijeriya." Na sauko da ƙafata na koma baya. Da zagina suka yi da na san abin da zan mayar.

A ƙofar kamfani aka ce ba a shiga da takalmin fata buɗaɗɗe. Aka ba ni aron wasu rufaffun takalman aiki da suka yi mini yawa, da hular kwano, da abin toshe kunne. Haka na shiga ina jan ƙafa kamar agwagwa.

Ni da nake cin abinci da kwali shekara da shekaru, ranar na fara ganin inda ake haihuwarsa. Takarda ce a naɗe, kowane naɗi ya fi ni tsawo, Nuhu ke ɗaukowa da motarsa mai ƙaho biyu. Injin kuwa dogo ne, daga wannan bango zuwa wancan, sai ka yi tafiya kafin ka ga ƙarshensa. A farkonsa ana busa wa takardar tsakiya tururi ta yi laushi, sai ta bi tsakanin wasu manyan ƙarafa biyu masu haƙora da ke juyawa kamar injin matse rake. Ta shiga a miƙe, ta fito da haƙarƙari. Nan take wani ƙarfen ya shafa wa kan kowane haƙarƙari gam, a manna takarda ɗaya. A gaba a sake shafawa a manna ta biyu. Na tambayi irin gam ɗin, ina zaton wani sinadari ne daga Turai. Aka kai ni bakin tukunyar, na leƙa, sitacin masara ne ake damawa. Kamu. Na tsallake iyaka uku don in ga ana dama koko da inji. Daga nan fallen ya bi ta kan faranti masu zafi ya bushe ya yi ƙarfi, wuƙaƙe su tsaga shi a tsaye, wata ta sare shi a kwance, ya faɗo a jere da ɗuminsa kamar burodi. Wani injin ya buga masa rubutu, ya yi masa layin naɗi, ya tsaga kunnuwa, ya liƙe. Abin da ni da Yaya muke wuni muna yi, kafin ka yi atishawa an yi shi. Guntayen da suka rage kuma iska ke zuƙe su ta bututu, a daddanne a mayar inda ake yin takarda. Ba wanda ke waiwayarsu.

Matar da aka ce in gani sunanta Anti Abena. Tana wani ƙaramin ɗaki mai sanyi, da injin da ke danne kwali a hankali har ya durƙusa, allura tana nuna inda ya gaza. Ta tashi kusa da zango a Kumasi, tana jin Hausa daidai gwargwado. Na miƙa mata tsummana ina jin kunya. Ta juya shi, ta ɓare gefe da farce, ta ce takardar lafiyarta ƙalau, gam ɗin ma ya kama, wanda ya sayar mana bai cuce mu ba. Na ji wannan bai yi mini daɗi ba, don na riga na shirya abin da zan gaya wa Oga Emeka. Sai ta tambaye ni ina ne sama, ina ne ƙasa. Na nuna mata ta wurin ɗinkin waya.

Ta ɗauko sabon falle ta yanka yanki biyu, ɗaya ta tsawonsa, ɗaya ta faɗinsa, ta naɗa ƙananan kwalaye biyu. Ta sa na farko a inji, allura ta yi ta hawa, shi yana tsaye. Ta sa na biyu, allura ba ta je ko'ina ba ya durƙusa, irin durƙuson da na sani. Ta nuna mini bakinsu. Na farko haƙarƙarinsa a tsaye yake, daga ƙasa zuwa sama, kamar karan darni. Na biyu a kwance. Ta ce a tsaye kowane haƙarƙari ginshiƙi ne, a kwance kuwa layin naɗi ne kawai yake jiran nauyi, in damina ta sa masa laima abin ya ƙaru. Ta ɗaga nawa. A kwance yake.

Ta ce, "Baba, wa ke yanka muku?"

Na ce yayana.

"Me ya sa yake juya shi?"

Nan take na gan shi a idona. Yaya Sale a kan tabarma, goro a baki, ya ɗora samfur a kan falle yana juya shi nan da can, kamar yadda yake yi wa fata. Dokar Baba ce, badukun da ya bar guntun da ya kai tafin hannu ba baduku ba ne. Sai ya fitar da na farko yadda fallen ya zo, ragowar kuma ya juya samfur ya kwantar, don kada a zubar da komai. Shi ya sa falle ɗaya ke haifar mai tsayuwa da mai durƙuso. Na sha wuƙa, na sha kare, na sha burodin Kwatano, ashe ciwon yana zaune kusa da ni a shago yana cin goro.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a wani shingen an sauke ni wai me ya sa mutum zai je Gana ya dawo ba kaya. Jandarman nan kuma ya gane ni, ya tambaya ta bakin mai shayi ko mara lafiya ya samu sauƙi. Na ce ya rasu, amma an gano abin da ya kashe shi.

Tunanin da na yi ta yi a mota shi ne yadda zan gaya wa Yaya. A gidanmu tun da Baba ya rasu shi ne Baba. Ba a ce masa ya yi kuskure, balle a aikin wuƙa, balle ni da ya goya. In na faɗa masa kai tsaye, zai ajiye wuƙar ya tafi gida, kuma ni ban iya yanka da sauri ba, ga ƙyanƙyasar Mama Saratu ta matso.

Na fara biyawa ta Sabon Gari na sayi falle. Ban ce wa Oga Emeka komai ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dube ni, ya turo mini kujera da ƙafa, ya sa aka kawo mini ruwa. Wannan ya fi zagi ciwo.

Washegari na riga Yaya zuwa shago. Na kai bencinmu wurin kafinta, da ma ƙafarsa na rawa. Na yanka kwali ɗaya da hannuna, haƙarƙari a tsaye, na bar guntayen a zube a ƙasa. Yaya ya zo, muka gaisa, ya nemi wurin zama, na tura masa kwalin. Kun san Yaya ba ƙaramin mutum ba ne. Ya zauna, kwali ya ɗauke shi. Ya ɓare goro yana tambayata hanya, ina ba shi labarin kare. Can idonsa ya faɗa kan guntayen. Ya tambayi wanda ya yi wannan ɓarna. Na ce ni ne, wurin yanka wanda yake zaune a kai. Ya miƙe kamar an ce masa a kan kunama yake, ya ce shi ba zai zauna a kan almubazzaranci ba. Ya jawo ɗaya daga cikin nasa, ya kife, ya zauna.

Ban taɓa shi ba, Allah Shi ne shaida. Sai ga Yaya a ƙasa, ƙafafu a sama, hula ta yi nata wuri. Na kawar da kai ina duban titi.

Ya tashi ya kaɗe riga. Ya ɗauki nasa, ya ɗauki nawa, ya fita da su haske, ya daɗe yana duban bakinsu. Mai sana'a ne, ba sai an yi masa karatu ba. Ya dawo ya zauna a kan nawa.

Ya ce, "Ai fata ma haka take. Baba ya sha faɗa, ta gadon baya daban, ta ciki daban, kowace da inda take miƙewa." Ya tauna goro. "Da ka tambaye ni, Haruna, da ba ka wahalar da kanka ba."

Na buɗe baki, na tuna shi ya goya ni, na rufe.

Kwalayen Kirsimeti duka a tsaye aka yanka su. Ranar da aka yi lodi aka yi ruwan ƙarshen damina, irin mai iska, motar Gusau ta tafi a cikinsa. Na wuni ban ci abincin kirki ba, waya tana hannuna. Da la'asar Mama Saratu ta kira.

"Malam Haruna, sun isa duka. Ka kawo na mako mai zuwa."

Na ce madalla, na gode. Har zan kashe ta ce, "Ka gaishe mini da Malam Sale. Jiya ya biyo ya yi mini bayanin haƙarƙarin nan da ya gano. Ka ga amfanin babba a wuri."

Yanzu shago yana nan, ba a sa kwaɗo ba. Sai dai Yaya ba ya iya zubar da guntu. Duk wanda ya rage sai ya yi tsaki, ya ɗauka, ya sa a buhu, wai wata rana zai yi amfani. Buhuna sun cika shagon har rufi, ni a waje nake ɗinki, a rana. Tsumman da na kai Gana kuma na rataye shi a ƙusa da igiyarsa, da sarar wuƙa da hujin sukudireba. In baƙo ya tambaya, Yaya ke ba da labarin, ya ce shi ya aike ni.

To masu tambaya, kun ji yadda Gana take. Gobe in kun gan ni a teburin mai shayi, ku bar ni in sha tun da zafinsa.